Miƙar Damisa Bayan Asuba

Zaman rumfa a Kasuwar Kure ya gama da bayanmu, mu da muka haura hamsin. Sai wani yaronmu ya nuna mana a waya motsa jikin da ake jinginawa ga likitan ƙasar Sin, Hua Tuo, shekara kusan 1800 baya: kwaikwayon damisa, barewa, beyar, biri da tsuntsu. A lissafinsu komai daga asali biyar yake, damisa ta hanta da itace, tsuntsu na huhu da ƙarfe. Wannan mun bar musu, miƙar muka ɗauka.

Ran nan Alhaji ya tare mu: "Liman, ba an hana kwaikwayon dabba ba?" Muka ce ai a cikin salla ne. Ya yi jim, ya ce to a koya masa na barewar, ƙugu ya hana shi barci.