Inda Muke Tura 'Ya'yan Mutane

Kusan shekara ashirin ke nan muna riƙe da alli, kuma duk ɗalibar da muka ga kanta yana ja a darasin ilimin halittu, shawararmu guda ce: ta nemi makarantar koyon aikin jinya. Iyaye ba sa musu, don kowa ya san yadda matanmu ke son su tarar da 'yar'uwarsu mace a ɗakin haihuwa. Ba mu taɓa tambayar kanmu inda muke tura yaran nan ba, sai da ciwon mahaifinmu ya zaunar da mu kwana tara a wani asibitin gwamnati.

Daren farko, muna kan tabarma gefen gado, sai muka ji an ce, "Malam, ba ka gane ni ba?" Ashe ɗalibarmu ce ta da, mai zama layin gaba, ga ta cikin fararen kaya. Muka ji kanmu ya fasu. Kafin gari ya waye kuwa farin cikin ya koma tausayi.

Ita kaɗai ce a ɗakin, gadaje ashirin da huɗu, babu ko ɗaya da ba mutum. Can tsakar dare aka ɗauke wuta, janareta kuma aka ce ba mai. Da idonmu muka ga yarinyar nan ta cije wayarta da haƙora, tana haska hannun wani dattijo tana laluben jijiya don ta sa masa ƙarin ruwa. Safar hannu da auduga ma sai ta rubuta wa masu jinya su sayo a kemis. Wani da ya gaji da jira ya taso ya wanke ta tas da zagi, wai nas-nas ba su da imani. Ba ta tanka ba. Mu ma, a faɗi gaskiya, mun sha faɗin irin wannan magana a majalisa.

To jama'a, wa zai yi mamaki don sun tafi? A watan Fabrairun 2024 magatakardar hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozoma rajista, Faruk Abubakar, ya ce kimanin 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Maganin da hukumar ta kawo a lokacin shi ne sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin a tantance takardunsa na fita, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Wato rufin ɗaki na yoyo, sai aka garƙame ƙofa. Kuma har zuwa 2021, alawus ɗin kasada na mai taɓa jinin mutane naira 5,000 ne a wata. Da ƙungiyarsu ta shiga yajin aikin gargaɗi ranar 30 ga Yulin 2025, cikin buƙatunta har da alawus na aikin dare da na kayan sawa, da ɗaukar ƙarin ma'aikata.

A dare na bakwai ta gaya mana tana shirin tafiya Saudiyya. Muka ce, "'Yar nan, kuɗi ne?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, da kuɗi a ciki, ba zan ɓoye maka ba. Amma akwai daren da wani ya cika a gadon ƙarshe ina can ina fama da na farko. Ban sani ba sai da na zagayo. Har yau in na kwanta shi nake gani."

Mun so mu yi mata wa'azin kishin ƙasa, irin wanda muka saba yi a taron safe na makaranta, amma bakinmu ya yi nauyi. Addu'a kawai muka yi mata.

Mahaifinmu ya samu sauƙi, ita kuma ta tafi. Da aka koma hutu wata 'yar aji shida ta biyo mu ofis da takardar neman makarantar jinya, tana son mu duba mata. Muka daɗe muna jujjuya takardar. Daga ƙarshe muka gyara mata kuskure biyu, muka miƙa mata.