Bazabarmen Gidanmu

A gidanmu ba a cewa kakanmu ya zo ƙasar Yauri, sai dai a ce ruwa ne ya kawo shi. Bazabarme ne daga yankin Dosso. Ya baro gida a 1931, shekarar da fara ta cinye gero a ƙasar Zabarma, ga yunwa, ga harajin Faransa, ga aikin tilas da ake kwasar samari. Ya taka har Gaya, ya roƙi wasu Sarkawa suka ɗauke shi a kwale-kwale bisa sharaɗin zai riƙa kwarfe musu ruwa. Suka gangaro Kwara, suka wuce Illo, aka sauke shi a bakin kasuwar Yelwa, ko gaisuwar Hausa bai iya ba.

Da dako ya fara, yana sauke kwandunan albasar Gungawa. Wani dattijonsu ya ga riƙon amanarsa, ya ara masa fili a gungunsu, daga baya ya ba shi 'ya. Nan ya koyi ban ruwa da ƙwarya, da sanin lokacin da kogi zai janye a dasa albasa. Har ya mutu Bazabarme ake kiransa.

Bai taɓa komawa gida ba, ko bayan 1946 da Faransa ta soke aikin tilas. Mazan gidanmu sun ce gona ce ta riƙe shi. Matan kuwa, in dare ya yi, wata magana suke yi: wai da ƙanwarsa ya fito, yunwa ta kayar da ita a Gaya, ya bar ta hannun wasu mutane, suka ba shi 'yan mudun gero ya yi guzuri. Mu dai mun fi yarda da zancen mata. Sunanta ya sa wa 'yarsa ta fari, kuma bai taɓa furta shi ba. Kowa ya ɗauka alkunyar ɗan fari ce, alhali Zabarmancin da yake yi cikin barci, kakarmu ta ce, sunan nan ne kawai take ganewa a ciki.

Ya rasu a 1963, aka binne shi a gungun. Shekara ta zagayo aka fara ginin madatsar Kainji, a 1968 ruwa ya hau, aka tashi mutane sama da dubu arba'in. Iyayenmu sun sami gidan siminti a ƙasar Ngaski, amma fadamar da ake rabawa ba ta kai kan mai gonar aro ba. Babban ɗansa ya kama su, ɗaya ya tafi Wara sayar da busasshen kifi, 'yar farin nan aure ya kai ta Shanga.

Yau in ana cike takarda aka zo gurbin asali, Ngaski muke rubutawa, kuma gaskiya ne, can aka binne cibiyarmu. Amma kabarin kaka yana ƙarƙashin tafki, ko masunta biyu ba sa nuna wuri ɗaya. Abin da ya rage mana na harshensa bai fi kalma uku ba, su ma a bakin goggonmu ta Shanga suke: ruwa "hari", kogi "isa", sannu "fofo". Ta tsufa ƙwarai. Bara babban yayanmu ya je Gaya da sunan da aka sa mata, ya yi kwana huɗu yana tambayar tsofaffi, ya dawo mata da turmin atamfa.