Wasan Masu Riƙe Numfashi

Mu da muka daɗe muna fama da alli da allo mun san wuyar sa ɗalibi ya natsu ko da na minti biyar ne. Dalili ke nan gasar harbi da ƙaramar bindigar iska ta mata naƙasassu take ba mu sha'awa ainun.

Mai karatu, duba yadda abin yake. Mace za ta tsaya, ko ta zauna a kekenta, ta ɗaga bindiga da hannu ɗaya ba madogari, ta auna abin bara mai nisan mita 10. Tsakiyarsa kuwa milimita 11.5 ce, kamar maɓallin riga. Sau 60 za ta harba kafin zagayen ƙarshe, kowanne tana riƙe da numfashinta.

Sareh Javanmardi ta Iran ta ci zinare a wasannin naƙasassu na Riyo a 2016, da Tokiyo a 2021, da Faris a 2024. Rubina Francis, 'yar wani makanike a Indiya, wadda aka haifa da lanƙwasassun ƙafafu, ta samu tagulla a 2024.

A makarantunmu kuwa, ranar wasanni, irinsu gadin takalman masu tsere ake ba su a gindin darbejiya.