Gurara: Ki Kai Yara, Amma Ki San Lokacin Zuwa

Uwargida, idan hutu ya zo yara suka dame ki da zancen fita shan iska, magangarar ruwa ta Gurara na cikin wuraren da suka cancanci wahalar hanya. Tana jihar Neja, ana ratsewa zuwa wurin daga hanyar Suleja zuwa Minna. A nan ne kogin Gurara ke faɗowa daga tsayin kusan mita 30 zuwa cikin kwazazzabon duwatsu, kuma tun kafin ki hango ruwan za ki ji ruguginsa.

Sai dai Gurarar watan Agusta daban, ta Janairu daban. Da damina ruwan kan cika ya yi ja, feshinsa ya jiƙa duwatsun gefe, gansakuka ta mayar da su tamkar an shafa sabulu. Kogi kuma yana iya ƙaruwa farat ɗaya saboda ruwan saman da aka yi can nesa, alhali inda kike rana ake ƙwallawa. A wannan lokaci kallo daga nesa ya wadatar. Idan da ƙananan yara za ki je, ki bari sai rani, daga Janairu zuwa Maris, lokacin da ruwan ya ja baya.

Ko da ranin ma, a bar silifas a mota, kowa ya sa kambas mai kama ƙasa. Ki tattare doguwar abaya, ki ɗaure goyo da kyau don hannuwanki biyu su zama a sake wajen sauka. Kafin a fito daga mota a raba yaran, kowane babba ya san wanda ke hannunsa, domin "ai na ɗauka yana wurinki" ita ke cin yara a bakin ruwa. Masu waya kuma a ja musu kunne: ba a ja da baya a bakin gangare don neman hoto.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, abu biyu nake so ki riƙe. Yaron da ke nutsewa yawanci ba ya ihu, shiru za ki ji. Idan an tsamo shi, a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, musamman in yana tari ko numfashinsa ya sauya. Wanda kuwa ya zame ya bugu a kai, idan ya fara amai ko barci mai nauyi, kada a jira gari ya waye. In yana kukan wuya, kada a sunkuce shi, a tallafe kansa har taimako ya iso.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.