Allura Ta Tono Garma A Gwange

Cikin watan Nuwamba na 2024, wata biyu bayan ambaliyar da ta ci Maiduguri, na ɗaura niyyar zuwa Gwange in yi wa goggona jaje. Da yake 'yan'uwa sun haɗa mata buhunan gero da masara, sai na ga ba motar da ta dace da wannan aike sai tsohuwar Peugeot 504 da na gada wajen mahaifina, watau Fijo, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna a kamfanin nan da ya soma aiki a 1975. Abokai suka yi ta yi mini dariya, wai zan kai tsohuwa aikin 'yan mata. Na dai yi bisimilla na kama hanya da asuba, na bi ta Wudil da Azare da Fataskum.

Laifin da ya biyo baya nawa ne. Bayan na wuce Azare mai ya yi ƙasa, na tsaya a bakin hanya na sayi galan biyu wajen 'yan bumburutu, ban ko sa an tace shi ba. Ina wuce Damaturu sai na fara jin warin fetur cikin mota. In na sassauta a shingen sojoji sai inji ya yi kakari ya mutu, in ya tashi kuwa sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe daga salansa. Duk wanda ya san wannan hanya ya san ba wurin da direba ke fatan tsayawa ba ne. A Auno ne, cikin Fabrairu 2020, aka kashe matafiya wajen 30 waɗanda dare ya rutsa da su bayan an rufe ƙofar shiga gari. Na buɗe bonet na tarar kafireto sharkaf, fetur na ɗiga kan inji mai zafi. Na tuna dabarar mahaifina, na ƙwanƙwasa gefensa da ƙotar sukudireba, yoyon ya ɗan lafa. Haka na lallaɓa har na shiga Yerwa gab da la'asar.

Gwange unguwa ce mai cinkoso a gaɓar kogin Ngadda. Barebari da Hausawa da Shuwa da Babur da Margi duk ga su nan gida na jikin gida, za a gaishe ka da Barbarci a ƙarasa ciniki da Hausa. Amma a lokacin abin da baƙo zai fara gani shi ne wani layi mai launin ƙasa da ya bi bangon gidaje ɗaya bayan ɗaya, kamar an ja shi da igiyar magini. Nan ruwa ya tsaya. A gidan Goggo ya wuce kafaɗata. Madatsar Alau, wadda ke kan wannan kogi sama da gari, ita ce ta ɓalle ranar 10 ga Satumba, ruwa ya shiga gidaje da dare, ya kai har fadar Shehu da Kasuwar Monday da asibitin koyarwa. Manya a unguwar ba su manta da ta 1994 ba, sai dai kowa ka tambaya cewa yake waccan ƙanwar wannan ce.

Washegari ɗan Goggo ya kai ni wajen wani tsohon makanike da ke aiki gindin dogon-yaro, da hularsa zanna-bukar duk ta sha baƙin mai. Ya ce samarin gareji yanzu sun fi sabawa da motocin da ake jona wa kwamfuta, waɗanda ba su da kafireto sam, amma wannan dattijo da Fijo ya buɗe ido. Na gaishe shi na fara kora bayani. Bai bari na kai aya ba, ya sunsuna, ya ce, "Ɗana, allura ce. Kashe ta, kada wanda ya kunna taba a nan."

Don amfanin masu karatun da ba su taɓa ganin cikin kafireto ba, ga yadda abin yake. Akwai wani ɗan kwano a jikinsa inda famfo ke zubo fetur daga tanki. Cikin kwanon akwai wata 'yar ƙwarya rufaffiya, marar nauyi, mai iyo bisa man. Idan mai ya taru sai ta taso, ta tura wata allura cikin bakin ƙofar da man ke shigowa, ta toshe ta. Inji ya sha, man ya ragu, ƙwaryar ta sauka, ƙofa ta sake buɗewa. Haka suke yi ba hutawa muddin mota na tafiya. Famfo kuwa ba ya tambaya, turowa kawai ya sani. Saboda haka in allura ta kasa rufewa, ko da da ƙwayar rairayi ɗaya ce, sai kwano ya cika ya tumbatsa, wani ya malala waje, wani ya gangara cikin inji.

Baba ya shimfiɗa farin tsumma a kan benci, abin da ban taɓa gani a gareji ba. Ya cire tukunyar iska, ya zare tiyon mai, ya kwance sukurorin murfin ɗaya-ɗaya ya jera su, sa'an nan ya ɗaga murfin a hankali don kada takardar da ke tsakani ta yage. Ƙasan kwanon duk jan laka ne da tsatsa. Ya ɗauko ƙwaryar ya girgiza ta kusa da kunnensa, don in ta huje za a ji mai na motsi ciki. Bai ji kome ba, amma bai yarda ba, sai da ya aika yaro wajen mai shayi ya karɓo ruwan zafi a kofi, ya nutsa ta. Da akwai huda, iskar ciki za ta kumbura ta fito da kumfa. Ba ta yi ba. Daga nan ya kifa murfin, allura ta zauna da nauyinta, ya sa baki ya hura ta inda mai ke shiga. Iska ta wuce fiu. Ya kwance ta da sifana ya miƙo mini: wani siririn zobe ya zagaye bakinta, inda shekaru suka cinye ƙarfen.

Yana jujjuya ta a tafin hannu ya yi murmushi, ya nuna layin ruwa a bangon da ke bayansa, ya ce su a Gwange ba sai an koya musu abin da ke faruwa in matoshi ya gaza ba. Ya ce tun da ruwa ya janye aikinsa ke nan, kwashe laka daga cikin kafireton janareto da na tsofaffin akori-kura.

Sabuwar allura ba ta samu ba. Daga wani gwangwanin madara ya zazzago tsofaffi ya yi ta hura su har ya dace da mai riƙewa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya nace sai ya mai da ɗan zoben da ke ƙarƙashin tawa ta asali, domin kaurinsa ne ke ƙayyade inda mai zai tsaya cikin kwano. In ya yi siriri mota ta riƙa shan mai fiye da kima, in ya yi kauri ta riƙa shaƙewa a hawa. A lokacin da lita ta haura naira 1,000, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Na ɗauka an gama, ashe allura garma za ta tono. Ya zaro sandar gwada baƙin mai ya kai mini hanci: fetur zalla, ya tsinke kamar ruwa. Ya ce da na koma Kano a haka, da injin ne zai biya. Aka juye shi aka zuba sabo, aka goge fulogai huɗu da suka yi baƙi ƙirin, aka sauke tanki aka wanke, ya kuma ɗaura 'yar matata a kan tiyo kafin famfo. Aikin da na yi wa lissafin awa guda sai da ya kai mu magariba, Goggo ta aiko mana da tuwo har gindin bishiya.

Kwana uku na yi a Gwange. Ran komowa na fita da hantsi, bayan an buɗe hanya. Ban tsaya ba sai Damaturu, inda na buɗe bonet na shafa gindin kafireto da yatsa, na ji shi a bushe. Tsohuwar allurar kuwa Baba bai ba ni ba. Cikin gwangwanin ya jefa ta, ya ce wata rana za a zo da wadda ta fi ta lalacewa.