Takardar Da Ban Ba Ɗana Ba

A ƙasarmu ta Arewa, wato yankin Dogon Dutsi cikin Nijar, uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. In zai kira shi sai ya ce, "Kai!" In kuwa zai yi maganarsa a gaban mutane sai ya ce, "Yaron nan." Haka ubana ya yi da ni, haka ni ma na yi da nawa har shekara ashirin. Saboda haka mai karatu ya yi mini haƙuri, ba zai ga sunan yaron nan a rubutun nan ba. Sau ɗaya tak na taɓa kiran sunansa da ƙarfi a gaban jama'a, labarin daren nan ne kuwa nake so in ba ku.

Ni katakis ne a wata ƙaramar ikilisiya ta ƙauye. Fada yakan zo mana daga Dutsi sau ɗaya a wata. Sauran Lahadi ni ne mai jagorar sujada, ni ne mai koya wa masu shirin baftisma, ni ne mai zuwa gaida marasa lafiya da binne matattu. In kowa ya zo mukan kai mutum arba'in har da yara. Yaron nan shi ne mai kaɗa mana ganga, shi ne kuma mai karanta mana karatu na fari da Hausa, tun yana ɗan shekara goma sha biyu.

Ya ci jarrabawar bak a shekara ta 2022. Abin da yake so ya koya shi ne aikin ruwa da noman rani, gama muna zaune cikin Dallol Mawuri, inda ruwa yake kusa a ƙarƙashin ƙasa, amma mutane suna zaman banza wata bakwai suna jiran damina. Ya yi shekara guda yana koyon Ingilishi, sa'an nan ya sami wuri a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi a ƙasar Gana, wadda take ɗauke da sunan Kwame Nkrumah. Wata ƙungiyar ikilisiya ta ɗauki rabin kuɗin. Sauran rabin kuwa, na sayar da bijimai biyu na huɗa, uwarsa kuma ta kawo kwasar adashinta duka. A shekarun bayan annobar korona manyan makarantun Gana sun koma buɗe shekarar karatu cikin watan Janairu, don haka aka sa tafiyarsa ran 3 ga Janairu 2024.

Lokacin ba mai sauƙi ba ne. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakarmu da Najeriya da Benin. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil ba a binta. Hanyar Burkina Faso kuwa 'yan bindiga sun sa kowa yana tsoronta. Abin da ya rage shi ne mutum ya bi ta Doso ya gangara Gaya, ya ƙetare kogin Kwara da kwalekwale, ya shiga mota zuwa Kwatano, daga can ya bi bakin teku ta Lome da Akra, sa'an nan ya haura Kumasi. Wani dattijon garinmu da ya yi zaman Kumasi yana saurayi, yana kuma cikin baƙin da gwamnatin Busiya ta kora a 1969, ya zo ya zauna da yaron nan yamma guda. Ya gaya masa hanyar ba sabuwa ba ce, fataken goro ma ta wajen nan suke ƙetare Kwara su bi ta Jugu su kai Salaga a ƙasar Gwanja. Ya ce masa a zangon Kumasi zai ji Hausa kamar yana gida. Ya kuma ce, "Takardunka su ne uwarka da ubanka a ƙasar mutane, kada ka raba su da jikinka."

Duk wannan ya dame ni, amma ba shi ne ya hana ni barci ba. Tsorona wani ne dabam. Bisa ga ƙidayar jama'a ta 2012, mu Kirista a Nijar ba mu kai mutum ɗaya cikin ɗari ba. Na daɗe ina duban samarin da na koya wa katikisim suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, wannan Yamai, wancan Kwatano, wancan Abijan. Shekara ta fari sukan zo Kirsimati. Ta biyu su aiko da kuɗi. Ta uku sai gaisuwa a waya. Ban ga laifinsu ba, gama ƙauye ba shi da aikin da zai ba su. Amma kowane ɗaya ya tafi, benci guda yakan zama wofi, tsofaffi kuma suna raguwa. Na sha tambayar kaina, in ni na kwanta dama, wa zai buɗe ƙofar majami'ar nan ran Lahadi? Kullum amsar da zuciyata take ba ni ita ce yaron nan.

Saboda haka, a makon Kirsimati na yage takarda daga littafin da nake rubuta sunayen masu baftisma, na rubuta alkawari huɗu. Na ɗaya, ba zai bar zuwa sujada ba. Na biyu, ba zai yi aure a can ba. Na uku, da ya gama zai komo Nijar. Na huɗu, zai zauna cikin yankinmu ya riƙe ikilisiyar nan. Niyyata ita ce, a daren shiga sabuwar shekara, bayan addu'a, in kira shi gaban jama'a ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya ɗauki alkawaran nan. A ganina a lokacin, aikin Allah nake yi.

Na nuna wa uwarsa takardar ran Asabar da dare, tana zaune tana ƙulla masa guzuri: ƙuliƙuli, da yaji, da garin kuka, da daddawa. Ba ta yi lakwal ba, sai na karanta mata. Ta yi shiru har na zaci ba ta ji ba. Can sai ta ce, "Malam, ranar da Baba ya kai ka lakwal, ya sa ka rantse?" Ba ta ƙara kome ba, ta ci gaba da ƙullinta.

Maganar nan ta komar da ni shekara talatin da takwas baya. Damina ta 1984 ba ta yi ba, aka yi yunwar da mutane suka sa wa suna El Buhari, domin a shekarar ce gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya, hatsi ya daina shigowa. Ubana azne ne, mai bin al'adar kakanni. Shi ne mai yanka wa gidanmu kafin shuka, ni kuwa ɗan farinsa, ni ne aka sa ran zan gaji wuƙar. A watan Oktoba na 1985, rumbunmu ba kome, ya ɗora ni a kan jaki ya kai ni makarantar mishan a Dutsi, ya bar ni a gidan wani ma'aikacin mishan da ya sani a kasuwa. 'Yan'uwansa sun yi masa faɗa, suka ce ya ba Nasara ɗa kyauta. Shi ma ya san abin da zai iya biyo baya, ba yaro ba ne. Da zai tafi ya ba ni dala biyu da ƙunshin gyaɗa, ya ce, "Kai, ka ji maganar mutane." Ya juya jakinsa, bai waiwayo ba.

Abin da suka ji tsoro ya faru. A Ista ta 1991 aka yi mini baftisma. A shekarar nan na sami satifiket, amma ban wuce kwaleji ba, domin ciwo ya kama shi, na koma na riƙe gona. Na komo gida da jikina, amma ban komo yadda ya kai ni ba. Da lokacin yanka ya zo na ce masa ba zan iya ba. Ya dube ni ya daɗe, sa'an nan ya kira ƙanensa ya miƙa masa wuƙar. Har ya rasu a 1992 bai taɓa yi mini gori ba, bai kuma karɓi baftisma ba. Na yi shekaru ina ba da shaida a gaban ikilisiya cewa Allah ya kira ni ta hanyar yunwa. Gaskiya ne. Amma ban taɓa tsayawa na auna abin da tsohon nan ya biya ba. Da ya ɗaure ni da rantsuwa a ƙofar makarantar nan, da yau ko dai ni mai karya alkawari ne, ko kuwa ban san Almasihu ba.

Kashegari, Lahadi 31 ga Disamba 2023, idin Iyali Mai Tsarki ne. Bisharar ranar daga Luka sura 2 take, inda Yusufu da Maryamu suka kai jariri Yesu Haikali don su miƙa shi ga Ubangiji, da hadayar matalauta ta 'yan tsuntsaye biyu. Na sha yin wa'azi a kan nassin nan, amma ran nan yaron nan yana zaune a gefena da ganga tsakanin ƙafafunsa. Ina karantawa sai na lura ba wanda ya sa sharaɗi a Haikalin nan. Iyayen sun miƙa, tsoho Saminu ya sa albarka, ya kuma faɗa wa uwar a fili cewa baƙin ciki mai sukar zuciya yana jiranta. Ba a yi mata alkawari ɗan zai zauna kusa da ita a Nazarat ba. Na tuna kuma da Hannatu, wadda ta kai Sama'ila Shilo ta bar shi tun yana ƙarami. Abin da ya rage mata shi ne ta ɗinka masa 'yar riga kowace shekara ta kai masa. Wa'azina ran nan bai yi tsawo ba. Mutane sun ce muryata ta dushe saboda hunturu, ban kuwa gyara musu ba.

A nan na gane takardar da take cikin aljihuna ta tsoro ce, tsoron nan kuwa ya sa rigar bangaskiya. Na ɗauki ikilisiya kamar gonata da zan bar wa magaji, alhali tana da Mai ita, wanda ya samo mata katakis daga gidan azne a shekarar yunwa. Na kuma ga wani abin da ya fi ba ni kunya. Ni da karatuna ya tsaya a aji shida, ina so yaron nan ya yi mini karatun da ban yi ba, ya kuma komo ya zauna mini a kujerar da nake zaune, duka biyu. Ban taɓa tambayarsa abin da Allah yake faɗa masa ba.

Da dare muka taru kamar yadda muka saba, kowa da bargonsa, aka hura wuta a bakin majami'a. Mukan yi waƙa da addu'a har sha biyun dare, kowane mai gida kuma yakan tashi ya gode wa Allah saboda shekarar da ta wuce, ya roƙa wa iyalinsa ta gaba. Da layi ya zo kaina na kira yaron nan gaba, ya durƙusa. Na ɗora hannu a kansa, abin da ban yi ba tun yana goye. Na buɗe baki in ce "yaron nan", sai na ga ba daidai ba ne in miƙa wa Allah mutum ba da sunansa ba. Sai na kira sunansa, na baftisma da na gida, da ƙarfi. Tsofaffin mata suka yi guɗa, waɗansu suka rufe baki suna dariya. Na ce, "Ya Ubangiji, ga shi nan. Kai ka ba ni shi amana, yau na mayar maka. Ka kai shi inda kake so, ka tsare shi a can." Na ji kansa yana rawa a ƙarƙashin hannuna. Da muka fito na jefa takardar cikin wutar da yara suke jin ɗumi.

Ran Laraba da asuba na raka shi tasha. Na ba shi ƙaramin Sabon Alkawari na Hausa da aka ba ni ranar baftismata, da wasiƙa zuwa ga Fadan duk ikilisiyar da zai shiga a Kumasi. Na ce, "Kai, ka ji maganar mutane." Ya ce, "To, Baba." Na so in yi kamar ubana, amma ban iya ba, na waiwaya har ƙurar motar ta kwanta. Kashegari da la'asar ya kira daga Malanbil ya ce ya ƙetare lafiya. Uwarsa, wadda ba ta ci kome ba tun tafiyarsa, sai a lokacin ta sha fura.

Kirsimatin da ya biyo baya bai zo ba, kuɗin mota ya fi ƙarfinmu. Uwarsa ta ɗinka masa riga ta aika ta hannun wani direba. Gangar kuwa, wata yarinya 'yar shekara goma sha uku, wadda ban taɓa sa ta a lissafi ba, ita ta ɗauka, tana kuma kaɗawa da kyau. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau ina roƙon Allah ya komo da shi, ya haƙa mana rijiyoyi a Dallol, in ga 'ya'yansa a bencin gaba. Roƙo kuwa halal ne ga uba. Amma shi bai yi mini alkawari ba, ni ma ban nema ba.

Ya 'yan'uwana iyaye, na san da yawa cikinku za su shiga sabuwar shekara da tabarma guda a naɗe a kusurwar ɗaki. Ku yi wa 'ya'yanku gargaɗi, ku ƙulla musu guzuri, ku haɗa su da ikilisiyar inda za su, ku riƙa neman labarinsu. Amma kafin ku ɗaure su da rantsuwa, ku tuna da wanda ya sake ku kuka zama abin da kuke yau. Allah ya tsare 'ya'yanmu da suke ƙasashen mutane, ya ba mu da muke gida haƙurin jira. Amin.