Ginin Ƙasa na Agadas: Sanyi Ba da Kuɗin Wuta Ba

A watan Mayu aikin yaƙi da jahilci ya kai ni Agadas, birnin Sarkin Abzin. Zafin rana ya wuce digiri 40. An saukar da ni a ɗakin siminti mai rufin kwano. Wallahi ban runtsa ba. Da wutar lantarki ta ɗauke, fanka ta tsaya, sai na fito waje da tabarmata.

Washegari wani dattijo magini ya kai ni gidansa a tsohon gari. Rana tsaka, amma cikin ɗaki kamar gindin randa. Na ce, "Baba, mene ne asirin?" Ya ce, "Ɗana, dafa bangon ka ji." Bango ne mai kauri, na ƙasa, tagoginsa ƙanana. Ƙasa tana shan zafin rana a hankali, ba ta sakinsa sai dare ya yi. Lungunan unguwa kuwa matsattsu ne, gida yana yi wa gida inuwa.

Haka aka gina babban masallaci wajen 1515. Hasumiyarsa mita 27 ce, duk ƙasa. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya.

Me ya sa zancen ya shafe mu? Tun 1981 tashar SONICHAR ta Anu Araren, kusa da Cirozerin, take ƙona gawayin dutse tana ba Agadas wuta. Ke nan duk ɗakin da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ƙarin kuɗi ne ga mai gida, ƙarin hayaƙi ne da ke ɗumama duniya. A 2020 ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta fitar da ƙa'idar tsimin makamashi a sababbin gine-gine. Abin da ƙa'idar ke nema, maginan Agadas sun daɗe da saninsa.

Amma ginin ƙasa yana son kulawa. Mun ga yadda ruwan 2024 ya kada tsohon masallacin Damagaram. Saboda haka a yi yaɓe kafin damina, a gyara indararo, a ƙarfafa gindin bango.

Ɗan uwa, kafin ka sayar da akuyoyinka ka sayi kwano, je ka shawarci maginin garinku. Allah ya ba mu damina mai albarka.